Hansai Ta Cikin Mujalla

Sallama gare ku, da masu bina tun farko da wanda yau ya fara cin karo da ni. Ku gyara zama, don abin da zan gaya muku ranar Asabar ɗin nan ya faru, kuma har yanzu ƙirjina bai sauka ba.

Sunana Hansai, Bagobira ce ni daga Sabon Birni. Da Baba ya rasu sai yayana Rabe ya je ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a Unguwar Shanu, nan Kaduna, farkon daminar 1957. Akawu ne a Sakatariya. Da safe zai ɗaure ƙafar wandonsa ya hau keke, ba za a sake ganinsa ba sai bayan azahar. Matarsa Yaya Sa'adiya Bazazzagiya ce, mai son tsafta da gayu, kuma kar ku ɗauke ta muguwa, ko kusa. Ita ta fara ɗinka mini rigar atamfa mai hannun bulawus, ita ta koya mini riƙe kofin shayi. Sai dai ita da ƙawayenta suna da hirarsu, ni kuma ba ni da kowa. Idan sun fita biki sai in zauna ni da akwatin rediyon da ke manne a bangon falo, yana magana ina jinsa, in na amsa masa ba ya ji.

Ina da zanen gidanmu a fuska, daga gefen baki har kusa da kunne, kunci biyu. A Sabon Birni ba wanda yake tsayawa kallonsa, kamar yadda ba ka tsayawa kallon hancin mutum. In ma an kula to yabo ne. Tsofaffi kan kama haɓata su juya ta hagu da dama su ce, "Wanzamin nan hannunsa bai yi rawa ba." Na yi shekara goma sha tara ban san ina ɗauke da wani abu a fuskata ba, sai da na zo Kaduna.

Ja'afaru abokin aikin Yaya Rabe ne. Dogo, mai kwat da jar dara, ga iya magana a hankali kamar mai gudun tada barci. Zan faɗi alherinsa kafin in faɗi sauran, don ba na son a ce na zalunce shi. Duk faɗin garin nan shi kaɗai ya taɓa tambayata, "Me kika fi kewa a gida?" Na ce goriba, ina dariya, don ban ɗauka da gaske yake ba. Bayan mako biyu sai ga shi da ƙunshinta, wai ya sa wani direban lori ya taho masa da ita. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka da goriba a baki. To ku gaya mini, yarinyar da ba ta da kowa, ya za a yi ba ta so mutumin nan ba?

Magana ta yi nisa har manyansa sun zo daga Zariya sun ga Yaya. Aka tsayar cewa zai tafi Ingila kwas, in ya dawo a ɗaura aure.

Shi ne kuma mai kawo mujallu. Duk wata jirgin ƙasa na kawo su daga Ikko, in ya gama karantawa sai ya miƙa wa Yaya Sa'a. Ita kuma ta sa almakashi ta yanke hotunan matan ciki, ta dama ƙullun rogo ta liƙa su a bangon falo, har bangon ya cika. Mata ne farare tas, fuska sumul kamar bayan faranti, ba ɗigo ba tabo. Duk inda na juya da tsintsiya suna kallona suna murmushi. Akwai wata talla da ba na mantawa. A zanen farko yarinya ce baƙa zaune ita kaɗai a gefe ta yi tagumi, mutane na can suna rawa. A na biyu ta shafa wani mai, ta yi haske, maza sun kewaye ta. Turancina na aji huɗu ne, amma wannan ba sai da Turanci ba. Na gane wacece ni a cikin biyun.

"Gwada wannan," in ji Yaya Sa'a wata safiya, ta ajiye mini ƙaramar kwalba a kan gado. "Irin na cikin tallar ne. Ba wai kina da muni ba ne fa, Hansai. Birni ne, kowa yana ɗan taimakon kansa."

Na shafa. Ya yi zafi kamar an goga mini barkono, na daure. Fatar goshina ta fara saɓulewa, kuncina ya yi ja, zanen kuwa sai ma ya ƙara fitowa raɗau, kamar yana mini gwalo. Na koma ja da gyale ina rufe rabin fuska in zan fita. Akwai wata Bayarabiya mai atamfa a kasuwa da kullum take tsokanata irin wasan da ke tsakaninmu da su, ina ramawa muna shewa. Ita ma na daina bi ta gaban rumfarta.

Da tafiya ta matso sai Ja'afaru ya ce yana son hotona ya tafi da shi. Yaya Sa'a ta shirya ni tun hantsi: atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗankwali ruwan ƙwai da ta ɗaura mini ya karkata gefe, 'yan kunnenta na azurfa masu lilo, kwalli, ɗan jan baki. Muka tafi mu uku wurin Malam Bitrus mai hoto, can bayan babbar kasuwa. Mutumin Kagoro ne, dattijo mai fara'a. Ya zaunar da ni a kujera gaban wani labule da aka zana wa matattakala da tukunyar fure, ya gyara mini kafaɗa, sannan ya tsaya yana duban fuskata.

"'Yata, a bar miki kayanki ko a share?"

Ban gane ba. Na duba jikina, na zaci 'yan kunnen yake nufi.

"Mun riga mun yi magana, Malam Bitrus," in ji Ja'afaru daga bakin ƙofa.

"Na ji taka, Malam. Ita nake tambaya." Ya juyo gare ni ya nuna kuncinsa da yatsa. "Fensir ne kawai. In na wanke, sai in bi dodon hoton da shi a hankali, abin da mutum ba ya so ya ɓace, in ƙara masa haske. Tunda mujallun nan suka fara zuwa kowa haka yake so, har na gaji da fere fensir."

Na kalli Ja'afaru, ya yi mini murmushin nan nasa. Na kalli Yaya Sa'a, ta gyaɗa kai. Sai na ji bakina ya ce, "Yadda suka ce." Malam Bitrus ya cusa kansa cikin baƙin ƙyallen kyamararsa.

Ranar da hoton ya zo, wayyo ni. Ɗankwalina ne, idanuna ne, 'yan kunnen ne. Amma fuskar fara ce sol, santsi daga ido har haɓa, kamar ba a taɓa haihuwarta a ko'ina ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so ta. Na so ta fiye da yadda na taɓa son kaina. Na kai ta ɗaki na jingine a kan akwatina, madubin kuma na juya shi ya kalli bango. Da safe ita nake fara gaisarwa. Wani lokaci har magana nake mata, in ce ke kam kin huta.

Ashe ban da nawa, Ja'afaru kwafi biyu ya karɓa. Bai gaya wa kowa ba ya aika ɗaya Ikko, wurin masu mujallar, don suna da shafin da suke sa hotunan 'yan mata daga garuruwa. Wata na zagayowa sai ga shi ya shigo yana haki, ko keken bai jingine daidai ba.

"Yaya Sa'adiya, zo ki gani. Shafi guda sukutum."

Ga ni nan kuwa, ko in ce ga ta nan, da sunana a ƙasa da sunan Kaduna. Yaya Sa'a ta rangaɗa guɗa. Kafin magariba matan unguwa sun cika tsakar gida. Kowacce ta karɓa sai ta kalli takardar, ta ɗago ta kalle ni, ta sake komawa kan takardar. Wata ta ce, "Lallai boko ya iya aiki." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san me zan yi da bakina ba. Yaya Rabe ne kawai bai ce komai ba. Ya duba ya daɗe, ya shafa nasa kuncin mai irin zanena, ya ajiye ya tafi alwala.

Daga nan zance ya canza. Da, in Ja'afaru ya zo muka zauna ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, labarin Sabon Birni yake sa ni, yana kwaikwayon maganata muna dariya. Yanzu sai labarin ofis: wane ya ce kaza da ya ga hoton, wane ya yanke ya sa a aljihu, har Baturen sashensu ya yaba. Yana magana yana kallon ƙasa ko reshen bishiya. Wata ranar Juma'a ina shara na ji an karanto gaisuwarsa a rediyo, wai Ja'afaru Sanda yana gaida tauraruwarsa, Hansai ta cikin mujalla. Yaya Sa'a ta fito daga kicin da ludayi tana murna. Ni kuwa na tsaya riƙe da tsintsiya ina jin kamar wata aka gaisar a gabana, aka tsallake ni.

To sai Asabar. Abokansa na ofis suka matsa lallai sai sun zo sun ga amaryar kafin ya tafi. Yaya Rabe ɗan boko ne, ya ce ba laifi, su zo falo a sha shayi bayan la'asar. Yaya Sa'a ta tsara komai tun daren Juma'a.

"Hoda za mu yi miki mai kauri, ta cike layukan. Ki zauna a kujerar lungu, nesa da taga. Gyalen ki jawo shi nan, kamar kunya kike ji. Gaisuwa ce kawai, ki tashi."

"In sun gane fa?"

"Maza ne, me suke ganewa."

Sai dai sun yi sammakon zuwa. Ana idar da sallar la'asar na ji ƙararrawar kekuna a ƙofar gida. Yaya Rabe ya fita sayen sukari, Yaya Sa'a tana banɗaki tana wanka, ni kuma ina gaban murhu ina suyar cincin da tsohon zane, fuskata duk gumi da hayaƙi. Ja'afaru ya yi sallama ya shigar da su falo, don gidan ba baƙonsa ba ne. Na jira, na jira, Yaya Sa'a ba ta fito ba. A gidanmu kuwa ba a barin baƙo zaune ba ruwa, ko mutuwa ake. Ban yi wani tunani ba, hannuna ne ya ɗauki tire da kofuna, ƙafata ta kai ni.

Su uku ne ban da shi, duk da kwat. Mujallar tana buɗe a kan teburi. Na durƙusa na gaishe su na ajiye ruwan. Wani mai faɗin baki a cikinsu, Tijjani na ji suna kiransa, ya ɗauki kofi ya ce:

"Sannu yarinya. Je ki ce wa Hansai baƙinta sun iso."

Na ɗago na kalli Ja'afaru. Shi kaɗai na kalla.

Na kusa da Tijjani ya leƙa mujallar ya leƙo ni. "Amma fa akwai kama a idon."

Wallahi da Ja'afaru ya yi dariya ya ce ai ita ce, mai hoto ne ya yi aikinsa, da an yi raha an wuce, da yanzu ina nan ina ɗinkin kayan aure. Ya gyara zaman hularsa.

"Ƙanwarta ce," ya ce.

"Haba, shi ya sa," in ji Tijjani. "Wannan Rabe ta biyo, ba ta tsira daga wanzami ba. Ita Hansai ta yi sa'a."

Ban san yadda na tashi ba. Na dai tsinci kaina a ɗakina, tiren yana hannuna har lokacin. Yaya Sa'a ta faɗo da ɗaurin ƙirji, ruwa na ɗiga daga gashinta, ashe ta ji komai ta bayan labule.

"Shi ke nan, an riga an yi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Yanzu hoda ba za ta yi ba, sun gan ki. Ki zauna a nan kar ki motsa. Zan ce Hansai zazzaɓi ya kwantar da ita."

"Ni kuma wacece?"

"Ke dai ki yi shiru. Kunya ce ta kama shi, namiji a gaban abokansa. Jibi zai hau jirgi. In ya dawo aka ɗaura aure wa zai tuna? Kar ki zubar da abin da Allah ya ba ki saboda kalma ɗaya, don Allah, Hansai. Irin Ja'afaru ba a tsintarsa a hanya."

Ta fita ta jawo ƙofar. Ina jin muryarta a falo tana ba su haƙuri, suna ta Allah Ya sawwaƙe, Allah Ya ba ta lafiya. Har da muryarsa a cikin masu addu'ar.

Na zauna a bakin gadon ƙarfena. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba, ko ranar da aka fita da Baba. Ga mutane cike da gida saboda ni, ana soya cincin saboda ni, ana yi mini addu'a, kuma ba ɗaya a cikinsu da yake nemana. Ta cikin hoton kan akwati tana ta murmushinta. Na kalle ta sosai, karon farko ba da sha'awa ba. Ba ta da gari. Ba wanda zai gan ta a tasha ya ce ke 'yar gidan wane ce, zo ki sha ruwa. Ba ta taɓa kewar kowa ba, ba ta san ɗanɗanon goriba ba. Fensir ne ya haife ta a bayan kasuwa, amma ita ke da sunana, ita ke da mijina, ni an bar ni da suya.

Na miƙa hannu na juyo da madubin. Ya yi ƙura, na goge da gefen zane. Fuska ce baƙa, goshi ya ɗan ƙone da man banza, idanu sun kumbura. Layukan suna nan a jere inda aka ajiye su. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki, ba kuka ba ne. Haushi ne, irin wanda yake sa hannu ya daina rawa.

Na ɗebi ruwa a buta na wanke fuskata tas. Na buɗe akwati na ciro atamfar nan shuɗiya mai ganye, na ɗaura ɗankwali ruwan ƙwai na karkata shi daidai yadda yake a hoton, na sa 'yan kunnen azurfa. Kwalli kawai na zizara. Gwangwanin hoda ko buɗe shi ban yi ba, gyalen kuma na bar shi a kan gado.

Da na ɗaga labulen falo, Yaya Sa'a tana tsiyaya shayi, sai da ya zuba a kan faranti. Yaya Rabe ya shigo ke nan, yana tsaye a bakin ƙofa da ƙunshin sukari. Na taka har tsakiyar ɗakin na tsaya inda hasken taga ya fi yawa. Tijjani ya kalli ɗankwalin, ya kalli mujallar, ya kalli 'yan kunnen. Na ga kofin ya tsaya masa a hanya.

"Sannunku da zuwa," na ce. Muryata ta fito da harshen gida, ban hana ta ba. "An ce muku ba ni da lafiya. Lafiyata lau. Ni ce Hansai, kuma ni ce na kawo muku ruwa. Babanmu bai bar wata 'ya mace ba sai ni."

Na sunkuya na ɗauki mujallar, na rufe ta, na ɗora wa Ja'afaru a cinya.

"Malam Ja'afaru, ga wadda ka kawo su gani. Ka tafi da ita Ingila, ba za ta taɓa ba ka kunya ba."

"Hansai, tsaya ki ji..."

"Yanzu ka gane ni?"

Na juya na koma ɗaki, na zauna a ƙasa na jingina da ƙofa. Kar ku zaci daɗi na ji. Ina son mutumin nan, har a lokacin ina sonsa, kuma na san abin da na ajiye a falon. Ina jin kujeru suna motsi, ana sallama a daburce, kekuna suna fita ɗaya bayan ɗaya. Yaya Sa'a tana kuka a kicin. Hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu tun magariba ba ta yi ba, ban tashi na kunna fitila ba.

Can sai na ji takun Yaya Rabe. Bai buga ba, ya tsaya a bayan ƙofar ya yi gyaran murya. Tunda na zo gidan nan bai taɓa zuwa ƙofar ɗakina ba.

"Hansatu."

"Na'am, Yaya."

"Sa'adiya ta gaya mini abin da ya ce." Ya ci gaba, "Da ina nan da ba a kai ga haka ba. Tun ranar da na ga takardar nan ya kamata in yi magana."

Hawaye suka zubo mini.

"Yana zaure bai tafi ba. Ya ce don girman Allah ki fito, magana ɗaya zai yi miki. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Abin da kika ce shi zan kai."

Ruwan ya fara sauka a kan kwano. Ta ƙasan ƙofa ina hango ƙafafun Yaya cikin silifas, yana jira. Na share fuskata da tafin hannu, yatsuna suka bi ta kan layukan.

"Yaya, ka ce masa Hansai ba ta nan," na ce. "Ƙanwarta ce kawai a gida, ita kuma ba ta san shi ba."